Gashin Tsuntsu Ko Zaren Roba: Da Me Zan Ɗaura Ƙudan Fatsa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Yaya. Karatu ya kawo ni arewacin Ingila, na kuma shiga ƙungiyar masu fatsa da ƙudan ƙarya, irin wanda ake ɗaurawa da hannu a jikin ƙugiya. Ina son in fara ɗaura nawa. Dattawan ƙungiyar sun ce in tsaya ga gashin tsuntsu da na dabba da siliki, wai da tsohuwar zuma ake magani. Mai shagon da nake sayen kaya kuma ya cika mini gaba da soso da zaren roba masu ƙyalli, ya ce zamani ya wuce gashin kaza. Kuɗina kaɗan ne. Wanne zan bi? Kuma idan na je gida hutu, wanne zai yi mini aiki a kan tsage da giwan ruwa?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na daɗe ina wannan sana'a ta ɗauri, kuma wannan gardama na same ta a raye, zan kuma bar ta a raye. Amsata a taƙaice ita ce: fara koyo da gashin tsuntsu da na dabba masu araha, ka riƙa saka roba kamar yadda ake saka gishiri a miya, sannan ka bar roba ta karɓi ragama a wurare uku, wato inda ƙudan ya yi girma, inda kifin yake da haƙora, da inda kake son abu ya daɗe a saman ruwa ba tare da ka yi masa hidima ba. Bari in nuna maka yadda na kai ga wannan, don kada ka ɗauka don ni na faɗa kawai.

Dattawanka suna da tarihi a bayansu. Wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa, wani marubucin Rum mai suna Aelian ya ba da labarin mutanen Masedoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya, su haɗa da gashi biyu daga ƙarƙashin haɓar zakara masu launin kakin zuma, su kama kifi mai ɗigo-ɗigo a jiki. A 1496 an buga wani littafi a Ingila da ya jera ƙudaje goma sha biyu na watannin fatsa, dukkansu ulu ne da siliki da gashin tsuntsaye. Daga nan har zuwa lokacin da kamfanin DuPont ya fito da nailan a ƙarshen shekarun 1930, mai ɗauri kusan ba shi da wani zaɓi in ban da abin da tsuntsu da dabba da tsutsar siliki suka ba shi, sai ɗan zaren ƙarfe na ado. Shekaru kusan dubu biyu na gwaji ba wasa ba ne. Amma ka lura, mutanen nan sun yi aiki da abin da ke hannunsu ne, kuma duk abin da ya faɗo hannunsu sun gwada shi. Frank Sawyer, mai gadin kogin Avon a Wiltshire, wanda tsutsarsa ta ƙarya ta gashin jelar fizan (wani tsuntsun daji mai doguwar jela) take cikin akwatin kowane mai fatsa a yau, ya watsar da zare gaba ɗaya, ya ɗaura ta da siririyar wayar jan ƙarfe irin ta kayan lantarki, don ta yi saurin nutsewa. Yau ana kiran wannan tsutsa gargajiya. A zamaninsa sabon abu ce.

Yanzu ɗauki gashi ɗaya na wuyan zakara ka ɗaga shi ga haske. Kowane sili a jikinsa yana da kauri a gindi, yana sirancewa har ƙarshe. Haka gashin jelar barewa, haka gashin zomo. Wannan sirancewa ita ce babban sirrin kayan halitta, kuma ita ce abin da injin masana'anta ya fi shan wahalar kwaikwaya, domin yawancin zaren roba ana fitar da shi ta huda ɗaya ne, kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, a yanke shi da almakashi. Gindi mai kauri yana riƙe siffar ƙudan, bakin mai siriri kuma yana motsi da ƙaramin numfashin ruwa. Shi ya sa ƙudajen yankin da kake zaune, na kogunan Yorkshire kamar Wharfe da Ure, suke kama kifi duk da ba komai a jikinsu: siliki mai ruwan lemo a jikin ƙugiya, da naɗi ɗaya ko biyu na gashin makwarwar Turai. Idan ka sake shi cikin ruwa, silin gashin nan suna buɗewa suna rufewa kamar ƙafafun ƙwaro mai neman tsira. Na gwada maye gurbinsu da zaren roba iri-iri, ban sami wanda ya yi wannan rawa a kan ƙugiya mai lamba 14 ko 16 ba. (Lambar ƙugiya, idan ta ƙaru, ƙugiyar ƙanƙancewa take yi.)

Abu na biyu shi ne launi. Kunnen zomon daji ba launi ɗaya ba ne. A sili guda za ka ga toka a gindi, ruwan ƙasa a tsakiya, baƙi a baki. Idan ka tsefe shi ka murza a zare, sai ya ba ka jiki mai dishi-dishi, wanda ba ya kama da ƙwaro guda takamaimai amma yana kama da ƙwari da yawa. Gashin ɗawisu kuma yana canza launi daga kore zuwa tagulla gwargwadon faɗuwar haske, saboda ƙirar jikin silin ce take karya hasken, ba rini ba. Akwai zaren roba da ake sayarwa a madadinsa, ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma a ruwa garai-garai mai tafiya a hankali, inda kifin tirawut ke da lokacin duba abu kafin ya buɗe baki, ni dai ɗawisu nake ɗaurawa, in bi shi da siririyar waya don haƙori kada ya tsinke shi. Siliki ma yana da halinsa: yana duhu idan ya jiƙe ko aka shafa masa kaki, kuma tsofaffin masu ɗauri da launin jiƙaƙƙen suke lissafi. Ka saba da tsoma ƙudanka a kofin ruwa kafin ka yanke masa hukunci.

Akwai gashi biyu da nake so ka san su sosai, don ayyukansu ba a samun su a wani wuri cikin sauƙi. Na farko gashin jikin barewar ƙasashen sanyi, musamman na hunturu. Cikinsa cike yake da ƙananan ɗakunan iska, don haka yana iyo, kuma idan ka matse shi da zare sai ya baje kamar tsintsiya, ka aske shi da reza ya ba ka siffar da kake so. Da shi Don Gapen ya yi kan ƙudansa Muddler Minnow a shekarun 1930 don kogin Nipigon na Kanada, da irinsa kuma Al Troth ya yi fiffiken Elk Hair Caddis a 1957. Na biyu shi ne ɗan lallausan gashin da ke kewaye da wurin da agwagwa ke ɗebo mai da baki ta shafa wa jikinta, can saman gindin jela. Masu fatsar tsaunukan Jura, tsakanin Suwizalan da Faransa, suna aiki da shi tun wajen shekarun 1920. Silinsa suna da ƙananan rassa masu kama iska, sai ƙudan ya zauna cikin fatar ruwa daidai yadda ƙwaro mai ƙyanƙyashewa ke zama. Aibinsa shi ne da zarar kifi ɗaya ya kama shi, yauƙin bakinsa ya manne silin, sai ka wanke, ka busar, ko ka canza. Idan kuma ka shafa masa man sa ƙuda iyo mai kauri, ka kashe shi da hannunka.

To, nan ne mai shagonka ya fara samun gaskiya. Gashi yana shan ruwa, yana gajiya, yana karyewa. Ranar da kifi ke ci ba ƙaƙƙautawa, rana tana faɗuwa, hannunka ya yi sanyi, ba ka son ƙudan da zai nemi a yi ta shanya shi. Zaren robar da ake kira folifurofilin nauyinsa bai kai na ruwa ba, kusan kashi tara cikin goma ne, kuma ba ya shan ruwa. Soso mai rufaffun ƙofofi, irin na takalmin silifa, ba ya nutsewa ko da kifi ashirin sun tauna shi. Masu jagorar fatsa a kogin Green na jihar Utah a Amurka sun yi wani ƙaton ƙudan soso mai ƙafafun roba da suka sa wa suna Chernobyl Ant, ba ya kama da wata halitta sak, amma lokacin fara da manyan ƙwari kifi na hawa kansa, kuma yana iya ɗaukar nauyin wata tsutsa a rataye a ƙarƙashinsa. Gashin zakara ba zai yi maka wannan ɗawainiya yini guda ba.

Akwai kuma abin da roba ke yi wanda ya wuce ƙarko. Gary LaFontaine, Ba'amurke ne, ya sa kayan nutso ya shiga ƙarƙashin ruwa yana kallon yadda tsutsar wani ƙwaro mai suna kadis ke tasowa sama don ƙyanƙyashewa, ya ga jikinta na sheƙi kamar an lulluɓe ta da iska. Abin da ya ba shi wannan sheƙi shi ne Antron, zaren nailan da DuPont ya ƙera don saƙa kafet, mai kusurwa uku a maimakon zagaye, wanda ke watsa haske kuma ba ya mannewa da juna idan ya jiƙe. Ya bayyana wannan a littafinsa na 1981. Ina kawo maka labarinsa ne don ka ga yadda mutumin kirki ke zaɓen kaya: ya fara kallon ƙwaron, sannan ya nemi abin da zai yi aikin, ya same shi a kafet, ya ɗauka.

Idan ka duba ƙudajen da suka fi kama kifi a duniya cikin shekaru hamsin da suka wuce, yawancinsu ruwa biyu ne. Klinkhamer, wanda Hans van Klinken ɗan ƙasar Holan ya ƙirƙira a 1984 a kogin Glomma na Nowe, turken da ke tsaye a kansa zaren roba ne, ƙirjinsa ɗawisu, abin da ke riƙe shi a saman ruwa kuma gashin zakara. Clouser Minnow, na Bob Clouser a kogin Susquehanna a 1987, gashin jelar barewa ne da 'yan silin ƙyalli na roba a tsakiya da idanun ƙarfe. Waɗannan mutane ba su shiga rigimar dattawanka da mai shago ba. Kowane sashe na ƙudan sun ba shi abin da ya fi dacewa da aikinsa. Haka nake so ka yi tunani: jela me take yi, jiki me yake yi, fiffike me yake yi, sannan ka miƙa hannu.

Kuskuren da nake gani kullum ga sababbin masu ɗauri shi ne yawan ƙyalli. Abin yana da kyau a ido, yana da araha, ba ya ƙarewa, sai mutum ya cika. Na taɓa tsayawa kusa da wani saurayi a wani ƙaramin kogi lokacin da ruwa ya janye ya yi garau, yana jefa ƙuda mai walƙiya kamar kayan amarya, kifin na kaucewa tun kafin ya iso gare su. Na karɓa na cire masa ƙyallin da almakashi na bar sili biyu, a jifa na uku ya kama. Sili uku ko huɗu na Krystal Flash ko Flashabou sun isa ƙuda mai tsawon yatsa. A ruwa mai laka ko zurfi ko bayan ambaliya za ka iya ƙarawa.

Maganar gida kuwa, a nan roba ce sarauniya, ba na ko tantama. Tsage haƙoransa kamar ƙusoshi suke, ƙudan gashin kaza ba ya wuce kifi ɗaya ko biyu a bakinsa, kuma dole ka sa guntuwar waya tsakanin ƙudan da zaren fatsa. Giwan ruwa kuma ƙaton abu take so, wani lokaci mai tsawon tafin hannu ko fiye. Idan ka ɗaura irin wannan da fatar zomo, da zarar ya jiƙe ya zama kamar jiƙaƙƙen tsumma, kafaɗarka za ta gaya maka kafin magariba. Zaren roba irin EP Fibers na Enrico Puglisi yana zubar da ruwansa da jifa ɗaya a iska, sai ka sami girma ba nauyi. Masu zuwa kogin Faro a arewacin Kamaru, wanda ke zuba cikin Binuwai, suna kama tsage da giwan ruwa da irin wannan fatsa, kuma manyan ƙudaje masu tura ruwa suke jefawa, galibi da duhu. Abin da nake yi wa tsage shi ne ƙugiya mai kauri da kaifi, zaren roba a ciki da baya, ɗan gashin jelar barewa a ƙasa don ya tallafe siffar, sannan in rufe kan da gam mai daskarewa da hasken tocila ta musamman. Gashin jelar barewa shi kaɗai ne cikin kayan halitta da nake yarda da shi a gaban tsage, don yana da tauri kuma ba ya riƙe ruwa sosai. Ƙafafun roba kuwa ka kiyaye su daga zafin rana. Idan ka bar akwati a cikin mota a watan Afrilu, za ka tarar sun narke ko sun tsage.

Za ka yi mamakin yawan kayan wannan sana'a da ke yawo a tsakar gidajenmu. Gashin zabo mai ɗigon fari yana cikin tsofaffin ƙudajen kifin salmon na Sikotilan, ana ma rina shi shuɗi. Silin gashin jimina ana yin kai da jiki da shi. Lallausan gashin nan da ake kira marabu, wanda ke jelar ƙudan Woolly Bugger, asalinsa daga borin tunke aka fara samo shi, tsuntsunmu na Afirka, amma yau na talotalo ne ake rinawa. Idan an yanka zakara ko zabo a gida, ka roƙi a bar maka fatar wuya da ta baya kafin a zuba ruwan zafi, ka kankare kitsen, ka barbaɗa gishiri, ka shanya a inuwa. Sai dai kada ka sa ɗanyar fata a jaka ka hau jirgi da ita zuwa Ingila, akwai dokokin shigo da kayan dabbobi saboda cututtuka irin murar tsuntsaye. Ka ɗaura ƙudajenka a gida, ka yi aiki da su a gida. Ka kuma sani zakaran gida ba zai ba ka gashin ƙaramin ƙuda mai iyo ba. Wannan sai zakarun da aka shafe shekaru ana zaɓen irinsu don gashi kawai, irin na gonar Whiting a Colorado, wadda aka kafa a 1989. Shi ne abu ɗaya mai tsada da zan ce ka saya, rabin fata ya ishe ka shekaru, ko ku haɗa kuɗi da wani ku raba.

Akwai wani gefe na gargajiya da nake ƙyama, kuma zan faɗa maka ƙarara. A zamanin Sarauniya Victoria, manyan Ingila sun mayar da ƙudan salmon wurin nuna arziki, suna cusa gashin tsuntsaye daga Indiya da Kudancin Amurka da Afirka, har da tuji, a ƙugiya ɗaya. Alhali salmon idan ya dawo kogi daga teku ba ya ma cin abinci, kuma ƙuda mai sauƙi na gashin dabba yana kama shi daidai. Kwaɗayin waɗannan gashi bai mutu ba. A watan Yunin 2009 wani matashi Ba'amurke mai karatun busa sarewa a Landan, Edwin Rist, ya fasa gidan adana kayan halitta na Tring ya sace fatun tsuntsaye 299, wasunsu an tattaro su tun ƙarni na 19 don binciken kimiyya, ya yi ta figewa yana sayar wa masu ɗauri. Yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a 1973, ta taƙaita cinikin irin waɗannan tsuntsaye, ciki har da zakaran dajin Indiya mai gashi kamar ido, wanda za ka ga ana yi wa ƙuda kumatu da shi. Idan wani ya kawo maka gashin da ba zai iya faɗa maka daga ina ya fito ba, ka bar masa kayansa. Talotalo da agwagwa da aka rina, da idon roba da aka buga, suna yin aikin, kifi bai taɓa tambayar takarda ba.

Ita ma roba tana da nata alhakin. Duk ƙudan da ya maƙale a reshe ko a dutse ya tsinke, idan na gashi da siliki ne zai ruɓe, ƙugiyar ta yi tsatsa; idan soso ne da nailan, yana nan shekara da shekaru yana farfashewa. Ina rataye 'yar jaka a gefen tebur don guntayen da nake yankewa, kuma ba na aske ƙuda a bakin kogi in bar iska ta kwashe. Wajen nauyi kuma ka guji dalma. Ingila ta hana yawancin ƙananan dalmar fatsa tun 1987 saboda tsuntsayen ruwa da ke haɗiya suna mutuwa. Ƙwallon ƙarfen tongistin ya ma fi ta nauyi, a girma iri ɗaya kusan giram 19 a inda dalma ke da 11, don haka ɗan ƙarami ya isa ya kai tsutsarka ƙasa.

Dalilin da ya sa na ce ka fara da gashi duk da haka, shi ne hannunka. Roba tana yafiya: ka ja zare da ƙarfi ba ta damu ba, ka yi tsawo ka datse. Gashi ba a datse bakinsa, dole ka auna tun farko, dole ka san ƙarfin da zai baje gashin barewa da wanda zai yanke shi, dole ka koyi zaɓen sili mai kyau daga fata. Wanda ya koyi wannan, roba ba za ta ba shi wahala ba ko kaɗan. Wanda ya fara da soso da gam yakan daɗe bai gane daidaiton jela da jiki da fiffike ba.

Da ɗan kuɗin da ke hannunka, sayi jelar fizan guda, fuskar zomon daji guda, ƙunshin silin ɗawisu, fatar makwarwa, guntun fatar barewa, ɗan gashin agwagwar nan, rabin fatar zakara mai ratsin fari da baƙi, siliki mai ruwan lemo da rawaya, da wayar jan ƙarfe wadda za ka iya warwarowa daga tsohuwar igiyar lantarki. A ɓangaren roba: zaren ɗauri baƙi da ruwan ƙasa, farin zaren folifurofilin, Antron kaɗan, ƙunshi ɗaya na ƙyalli mai launin lu'ulu'u, falle biyu na soso mai kaurin milimita 2, da ƙwallayen tongistin. Kayan tsage ka bari sai hutu ya matso. Duk fatar da ta shigo gidanka, ko daga shago take, ka sa ta a leda mai rufewa ka jefa firiza mako guda, ka fitar kwana biyu, ka sake mayarwa, don asu da ƙwayayensa su mutu. Fata ɗaya mai asu tana iya cinye maka akwati gaba ɗaya. Sannan ka je wurin dattijon da ya fi kowa tsanani a ƙungiyarku, ka roƙe shi ya nuna maka yadda yake naɗa gashin makwarwa, ka ɗaura guda goma sha biyu iri ɗaya kafin ka taɓa wani.